Sarkin da Goggo Ta Hana Shi Mutuwa

Shekarar da muke ajin ƙarshe a sakandare a Batsari aka kawo mana wani malamin adabi, mutumin Safana, siriri, kullum wuyan rigarsa a tsaye kamar za a ɗauke shi hoto. Littafi guda ya shigo da shi a hammata, wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa da aka ce dole mu karanta kafin jarrabawa. Turancin cikinsa ba irin wanda muka sani ba ne. Mu da muke fama da na gaisuwa, sai ga wanda kakannin Turawa suka yi suka mutu suka bari. Malam ya yi kwanaki yana karantawa yana kaɗa hannu, mu kuwa muna kallonsa yadda akuya ke kallon rediyo.

Da ya ga ba ci, sai ya rufe littafin ya ba mu labarin da Hausa. Wani jarumi ne da sarkinsa ke ji da shi, sai wasu masu duba suka tare shi a hanya suka ce masa sarauta na jiransa. Ya je gida ya gaya wa matarsa, ita kuwa ta yi ta hura masa kunne har ya kashe sarkin, alhali sarkin baƙonsa ne, a gidansa ya sauka. Ya hau gadon, amma daga ranar barci ya ƙaurace masa. Nan take aji ya farfaɗo. Wata yarinya 'yar Darini, mai murya kamar lasifikar masallaci, ta ɗaga hannu ta ce ita ta san matar, a unguwarsu take.

Malam ya ce tunda haka ne, mu za mu yi wasan da kanmu. A ƙarshen zango makarantun Batsari da na Safana za su haɗu a Safana, kowace ta nuna nata. Garinsu ne, kuma ya rantse sai mutanen garinsu sun ga abin da ya je birni ya karanto. Ya ba 'yar Darini matar, ba wanda ya yi gardama. Ya ba ni jarumin, don ni ne mai hadda. Har na fara buɗe hanci, sai na ji ya ce sarki kuma taubashina ne.

Sai na tsaya na yi bayanin wannan taubashi. Ɗan Goggo ne, ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wasanmu na gida ni ne ubangida, bawana nake kiransa tun muna tsere a bayan awaki. Ƙato ne, mai sanyin rai, ga ci, ga barci. Malam bai ɓoye dalilinsa ba: sarkin da wuri yake mutuwa, maganarsa kaɗan ce, kuma a duk ajin ba wanda ke cika kujera kamarsa. To amma ni aka ce in durƙusa a gabansa, in kira shi ubangijina da Turanci, a gaban mutanen gari biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya sanyaya mini zuciya guda ne, na san kafin a kai tsakiyar wasa zan kashe shi.

Ban sa Goggo a lissafi ba. A Ruma take aure, har ranar da 'yan bindiga suka tare mijinta a hanyar gona. Da aka kira ta, ta tarar da shi kwance a gefen hanya, wani ya lulluɓe shi da farar riga. Bayan takaba babana ya ɗauko ta da yaron suka dawo gidanmu. Duk mun san wannan, amma sanin yara, wanda ba ya hana wasa.

Kuma taubashina ɗanta ne na fari, ga ta da kunya irin ta mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ya ɓata mata rai ya zama "mai ƙaton kan nan". Ba ta dubansa ido da ido, ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa. In zazzaɓi ya kama shi, sai ta tsaya a ƙofar ɗakin innata ta ce wai ko mutanen gidan nan duk sun tashi lafiya, har da waɗanda ba su fito ba. In ta zuba tuwo ni take miƙa wa, ta ce in kai wa wancan kar ya ce an hana shi. Na daɗe kafin na gano inda naman miyar gidanmu ke zuwa. A ƙarƙashin tuwonsa take binne shi.

Wata ranar Asabar da hantsi na ce masa mu gwada wurin kisan a tsakar gida. Ya miƙe a tabarma, na ja wani farin zane daga igiyar shanya na rufe shi har ka, na ɗauko muciya na tsaya a kansa ina zazzare ido. Sai ga Goggo ta fito daga madafa da ƙwarya a hannu. Ta tsaya cak. Ta ajiye ƙwaryar a hankali a kan turmi.

"Kai, mi kuke yi haka?"

"Goggo, wasan makaranta ne. Shi ne sarki, ni kuma zan kashe shi."

"Cire zanen nan, yanzu na wanke shi. Ka ce ma wancan shi tashi, tabarmar ta baƙi ce."

Tabarmar ba ta baƙi ba ce, kaji ma sun gama da gefenta. Da yamma ta aika ni in gaya wa Malam wancan ba zai yi sarki ba. Na tambayi dalili, ta ce kansa ya yi girma, ba rawanin da zai zagaye shi. Washegari dalilin ya canja, ta ce ƙasar Safana da kiyashi. A rana ta uku ta ce ita ni take tausayi, yaro da ƙuruciyarsa a ce ya fara da kisan kai, wa zai ba shi mata. Innata tana jin mu tana tankaɗenta. Ta san Goggo za ta kawo dalili ɗari, ban da na gaskiyar, don na gaskiyar sai ta nuna ta damu da ɗan fari, kuma gara ta haɗiye garwashi.

Ni kuwa hankalina ya tashi. In sarki bai mutu ba, ni ban hau gado ba, haddar da na kwashe makonni ina yi ta tashi a banza, kuma na durƙusa wa bawana kyauta. Na je na kai ƙara wurin Malam, ya ce in bar shi da ita, ya iya magana da iyaye.

Ya zo bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarmar nan ta baƙi a zaure. Goggo ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki. Suka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi mutanen Safana, da damina, da shanun da ba shi da su. Malam ya gyara wuyan riga ya ce littafin nan duniya duk ta san shi, kuma darasi ne a kan son mulki. Ta ce to ya ba ta labarin. Ya ba ta, har da kaɗa hannu.

Da ya gama ta ce, "Malam, baƙo fa ka ce? A gidanshi?"

"Ƙwarai kuwa, Goggo."

"Ya ci tuwonshi?"

"Littafin ya nuna an yi walima."

"Tir. Ita matar halan ba ta da uwa? Ba wanda ya je ya kira mata magabata?"

Malam ya ce ba a ambaci uwarta ba. Goggo ta ce ai ga inda ɓarnar take nan. Sai ta shiga gyara littafin. Ta ce mai zai hana sarkin ya tafi aikin hajji ya bar wa jarumin riƙon gari, kowa ya huta. Malam ya ce a ƙasarsu ba sa zuwa. Ta ce to a tuɓe shi ya koma noma, ai an sha yi. Malam ya ce in ba a yi kisan ba, jarumin ba zai rasa barci ba, kuma rashin barcin shi ne dukan darasin. Ta ce in rashin barci ake nema, a sa masa kuɗin cizo a gado. Ina bayan ƙofa ina cizon hannun rigata. Malam ya share zufa ya ce, Goggo, wanda ya rubuta littafin ya daɗe da mutuwa, ba a iya canja masa. Ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi. To tunda ya mutu, wa zai kai mishi labari?"

Har Malam ya fara neman takalmansa, sai wani abu ya faɗo masa. Ya ce ai a littafin ma ba a nuna kisan a fili, a bayan fage ake yi, jarumin ya fito da jini a hannu kawai. Shi ne ya so ya fito da shi fili don armashi. Za a kafa zana, sarki ya shiga bayanta, ba mai ganinsa. Sai Goggo ta kafa sharaɗi: a bayan zanar zaune zai yi, ba kwance ba, kuma ba a rufe shi da komai. Ta ƙara da cewa ba don komai ba ne, don wancan in ya kwanta munshari yake yi, zai kunyata Batsari. Malam ya ɗauki alkawari. Ta ce ita dai ba za ta ba, ba ta da lokacin shirme.

Ranar tafiya muna hawa motar da makaranta ta ɗauko, sai ga Goggo da mayafinta na zuwa biki. Ta ce an gaya mata barkonon Safana ya fi namu yaji, za ta je ta gani. Ta zauna can gaba, ta ba wa taubashina baya har muka isa.

A filin makaranta aka yi taron, ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, alƙalai a kan tebur, maza a benci, mata a tabarmi daga gefe. Mutane sun zo har daga ƙauyuka a kan babura. Kafin a kira mu, mahaifiyar Malam ta aiko mana da dambu a babbar roba da fura mai sanyi, don ɗanta ya zo da baƙi. Ni ban ci ba, ina can ina bitar haddata. Taubashina ya ci nasa, ya ci nawa, ya ce sarki ba ya barin saura.

Aka sa masa farar babbar rigar babana, aka naɗa masa labulen ofishin shugaban makaranta, kuma ya zagaye kan sarai har da rara. Da ya fito ya zauna, fili ya ɗauki sowa. Na zo na durƙusa na zuba masa Turancina tiryan-tiryan. Ya buɗe baki zai amsa, Turancin ya gudu. Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Madalla. Sannunku da aiki. Allah shi yi albarka." Wani tsoho a benci ya ce amin da ƙarfi. Aka yi ta tafi. Ni da na yi haddar ko tari ba wanda ya yi mini. Ina durƙushe ya sunkuyo ya raɗa mini, "Bawa, gyara mini takalmi." Na ce a raina, ka ci gaba, saura ƙiris.

Aka raka sarki bayan zana. An ɗaure ta ne da igiya a jikin sanduna biyu da aka kafa a ƙasa, an ajiye masa kujera da kwanon jar galura da zan tsoma hannu. Saura ni da 'yar Darini a fili, inda za ta zuga ni. Malam ya ce ta yi layi kaɗan da Turanci. Ta yi na farko, ta ga mata ba su motsa ba, sai ta yar da Turancin ta kama ƙugu ta koma Hausa. Ta ce mini ragon maza. Ta ce mijin ƙawarta har ya sayi babur, ni ina nan ina gadin sarautar wani. Ta ce in ba zan iya ba in ba ta wandon in ɗauki zanen. Mata suka yi ta guɗa, ita kuwa kamar ana ƙara mata mai. Malam yana gefe yana yi mata alama da littafi ta tsaya, ta ɗauka yabo ne. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, na dai san inuwa ta matsa daga kan alƙalai har suka ja teburinsu.

Da ta gaji ta tura ni, na zare wuƙar katako na zagaya bayan zana. Kujera ba kowa. Dambu da fura da zafin rana sun yi aikinsu. Sarki ya sauka ya miƙe a ƙasa, ya ja babbar rigar ya rufe fuskarsa saboda ƙudaje, yana barcinsa hankali kwance. Na taɓa shi da ƙafa, ko gezau. Na ce to kai ka sani, ba mai gani. Na tsoma hannuwana a galura har wuyan hannu, na ɗaga wuƙa na yi ƙara mai ƙarfi don alƙalai su san ana aiki. Da na juya zan fita, rawanin labulen nan da ya warware a ƙasa ya harɗe mini ƙafa. Na kai hannu na kama sanda. Sandar ta biyo ni, zana ta kife gaba ɗaya.

Ga ni tsaye da jajayen hannuwa. Ga mutum kwance a ƙasa an lulluɓe shi da farar riga.

Yara suka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba. Manya ba su yi ba. A filin nan akwai mutanen Ruma, da na Babban Duhu, da na ƙauyukan bakin daji, kuma kaɗan ne a cikinsu ba su taɓa tsayawa a kan irin wannan ba. Tsohon da ya ce amin ya sunkuyar da kai.

Sai na ji an kira sunan taubashina. Sunansa na yanka, cikakke, da wata murya da ban sani ba. Na waiga. Goggo ce tsaye a tsakiyar mata, mayafinta ya zame. Ta sake kira, ta taho tana tsallake ƙafafun mutane, ba takalmi. Ta wuce alƙalai, ta taka zanar, ta durƙusa ta yaye rigar daga fuskarsa, ta sa bayan hannunta a hancinsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har ni da na san barci yake yi sai da na zuba wa ƙirjinsa ido.

Ya ja wani dogon munshari, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An gama?"

Fili ya fashe. Dariyar da aka yi har da masu share hawaye, tsohon nan yana dukan benci. Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dawo Goggonta. Ta ce da ni, ba tare da ta dube shi ba, "Ka ce ma wancan shi tashi, rigar babanka ce yake birgima da ita." Ta dubi hannuwana ta ce in je in wanke wannan ƙazantar kafin ta ƙirga uku. Na ce Goggo saura rabin wasa, yanzu zan hau gado. Ta ce in hau ta gani.

Malam ya yi ta maza ya ce a ci gaba. Aka ci gaba, amma wasa ya riga ya lalace. Ina tsaye ina kukan barci ya ƙaurace mini, ga wanda na kashe can a gefen tabarmar mata yana shan ruwa a moɗa, yana ɗaga wa mutane hannu. Duk inda na ambaci marigayi sai yara su nuna shi. Wata makaranta ce ta ci, da wasan yadda ake zuba taki. Sai da muka wuce rabin hanya sannan Malam ya ce a tarihin littafin nan kaf, mu ne muka fara yin sa sarki ya koma gida a mota.

Wata maƙwabciyarmu da ta biyo mu ta kasa haƙuri, ta ce, "Yau dai mun ji suna a bakin mai shi." Goggo ta ce ita ba ta kira kowa ba, wani yaron mutanen Safana ne ya taka mata ƙafa, kuma suna ai ba na mutum ɗaya ba ne. Barkono kuwa ba ta sayo ba, ta ce da ta duba namu ya fi.

Ni da taubashina muna can baya a kan buhunan kayan wasa. Galura ba ta fita ba, sai da ta yi kwanaki a farcena. Haushi nake ji sosai, na tanadi baƙaƙen maganganun da zan gasa masa: ya ci dambuna, ya kwashe tafina, ya hana ni sarauta. Na juya zan fara, sai na ga yana kallon bayan mayafin Goggo yana murmushi shi kaɗai, idanunsa sun cika. Ya matso ya yi ƙasa da murya don kar ta ji.

"Ka ji ta, ko? Har sau biyu."

Na ce na ji.

"Ashe ta san sunana."

Tun muna yara bai taɓa faɗin magana ban mayar masa ba. Ranar kuwa sai na sa hannu na gyara masa takalmin da ya zame.